Ɓeran Da Agogonsa Ya Lalace, Da Ɗalibin Da Na Kira Munafuki

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwana masu ziyartar wannan shafi, yau da faɗin laifina zan fara, domin ban ga yadda zan yi wa wani nasiha a kan wannan magana ba alhali ni ne na fara yin kuskure a cikinta.

Shekarun baya, a makarantar da nake karantarwa a nan Dutsin-Ma, muna da darasin hadda da ake farawa da an sallame sallar Asuba. A cikin ɗaliban akwai wani yaro ɗan shekara 16, mai kaifin ƙwaƙwalwa da ladabi, wanda idan ka same shi da la'asar zai kawo maka shafi biyu babu tuntuɓe. Amma da asuba sai ka rantse wani mutum ne daban. Shi ne ƙarshen zuwa, kuma da ya zauna sai gyangyaɗi. Na yi nasiha, na yi faɗa, na kai ga dorina. Ranar da haƙurina ya ƙare sai na tsayar da shi gaban 'yan ajinsu, na tuna masa cewa Asuba da Isha'i su ne sallolin da suka fi yi wa munafukai nauyi, na ce ya binciki kansa. Bai ce komai ba. Washegari bai zo ba, jibi ma haka, har mako ya zagayo.

Mahaifiyarsa ce ta zo daga baya. Ta ce, "Malam, wallahi yaron nan ba ya yawon dare, wayar ma ba shi da ita. Da an yi Isha'i yake kwanciya, amma sai ka leƙa ƙarfe ɗaya ka tarar idonsa biyu. Haka mahaifinsa yake, haka aka ce kakansa ma yake." Na saurare ta da ladabi, amma a zuciyata na ce uwa ce kawai take kare ɗanta. Sai da aka jima, wani abokina da muka yi jami'a tare, wanda ya karanci ilimin halittu, ya zaunar da ni ya ba ni labarin wasu ɓeraye, ya kuma haɗa ni da abin karantawa. Labarin nan ne nake so mu yi nazari a kai tare.

Mai karatu, a cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinka akwai agogo. Ba misali nake bugawa ba, agogo ne da gaske, wanda ke zagayowa cikin kusan awa 24 ko da an kulle ka a ɗaki mai duhu, ba ka ganin rana ba ka jin kiran sallah. A shekarar 1971 wasu masana biyu a Amurka, Seymour Benzer da ɗalibinsa Ronald Konopka, suka gano cewa ƙwayar gado guda ɗaya tak tana iya gajarta ranar ɗan ƙaramin ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro, ko ta tsawaita ta, ko ta ruguza ta baki ɗaya. A 1984 aka ware wannan ƙwayar gado aka gane ta, kuma mutum uku da suka yi aikin, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, su aka ba lambar Nobel ta fannin likitanci a 2017.

To ƙuda dai ƙuda ne. Abin ya matso kusa da mu ne a 1994, lokacin da Joseph Takahashi da abokan aikinsa a Jami'ar Northwestern suka samu wani ɓera da agogonsa ke jinkiri. Ɓera dabbar dare ce, kuma idan aka sanya masa ɗan gargare a keji yakan hau ya yi ta gudu da zarar darensa ya yi. Lafiyayyen ɓera, ko a cikin duhu na dindindin, yakan fara gudun nan a kan lokaci, ranarsa tana ɗan gaza awa 24. Amma ɓerayen da suka gaji wannan tawaya daga uwa da uba, ranarsu takan kai awa 27 zuwa 28, daga bisani ma tsarin ya watse, su rasa dare su rasa rana. Suka raɗa wa ƙwayar gadon suna Clock, wato agogo, kuma a 1997 suka kai ga tantance ta.

Yadda agogon ke aiki yana kama da tankin ruwan nan mai ƙwallo a ciki. Furotin biyu, CLOCK da BMAL1, su ne ke buɗe famfo, sai a fara ƙera wasu furotin da ake kira PER da CRY. Waɗannan suna taruwa sannu a hankali, idan suka cika sai su koma su toshe waɗanda suka buɗe famfon. Daga nan jiki ya yi ta rushe su har su ƙare, famfo ya sake buɗewa. Cikar nan da ƙarewar nan ita ke cin kusan yini da kwana. Sannan a can ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan gungu na ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000 wanda shi ne babba a cikin agogunan. Shi yake samun labarin haske daga ido, ya daidaita kansa, sauran gaɓoɓi su bi shi, kamar yadda ladanin babban masallaci yake duban alfijir, masallatan unguwa su ɗauka daga bakinsa. Subhanallah.

Duk wannan bai girgiza ni ba kamar abin da ya biyo baya. Da na ɗauka agogon nan aikinsa bai wuce barci da farkawa ba. Ashe yana da hannu har a cikin halin dabba.

A 2007 wata masaniya mai suna Colleen McClung da ɗalibanta a birnin Dallas na jihar Texas suka wallafa abin da suka gani a ɗabi'ar ɓerayen nan na Takahashi. Ɓerayen ba sa zama wuri ɗaya, barcinsu kaɗan ne, kuma tsoronsu ya ragu ƙwarai: lafiyayyen ɓera yakan bi jikin bango yana gudun sarari, su kuwa sai su faɗa tsakiyar fili ba ko ɗar. Kwaɗayinsu ga ruwan sukari ya ƙaru, haka ma ga hodar ibilis idan an ba su. Dalilin da aka gano shi ne, a tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wurin da ake ƙera wani sinadari mai suna dofamin, wanda shi ne ke ingiza rai ga neman abin da take jin daɗinsa, ya sa ta sake komawa. A ɓerayen nan, ƙwayoyin jijiyar da ke fitar da dofamin suna aiki fiye da ƙima. Da aka riƙa ba su litiyam, maganin da likitocin ƙwaƙwalwa suka daɗe suna ba masu ciwon nan da ke kai mutum ƙololuwar zumuɗi sannan ya jefa shi ramin baƙin ciki, sai akasarin halayen suka lafa. Abin da ya fi ban mamaki, da aka mayar da lafiyayyar ƙwayar Clock a wannan ɗan yanki na ƙwaƙwalwa kaɗai, sai rawar kan ta ragu, tsoro irin na ɓera ya dawo.

Ba su kaɗai ba ne. A 2005 Rainer Spanagel a Jamus, tare da Urs Albrecht na Jami'ar Fribourg da ke Suwizalan, sun nuna cewa ɓeran da aka lalata wa ƙwayar Per2 ya fi lafiyayye shan giya idan an ajiye masa ita kusa da ruwa, saboda wani sinadarin jijiya mai suna gulutamet yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa ba a kwashe shi yadda ya kamata. A 2008 ɗakin binciken Albrecht ya ƙara gano cewa agogon ne ke tsara lokacin aikin abin da ke rushe dofamin bayan ya gama amfani, don haka idan agogon ya samu tangarɗa sai dofamin ya yi yawa. Wato shara ma a ƙwaƙwalwa tana da lokacinta.

A nan dole in ja birki, domin na san halinmu da intanet: gobe wani zai kwafi rabin maganar nan ya watsa cewa Turawa sun gano rashin barci ne ke sa shan kodin. Ɓera ba mutum ba ne. Ba a iya tambayarsa ko yana cikin farin ciki ko damuwa, sai dai a auna gudunsa da iyonsa da abin da ya zaɓa ya sha, sannan a yi kirdado. Kuma waɗannan ɓeraye an taɓa ƙwayar gadonsu ne da gangan, ta yadda tawayar ta game dukkan jikinsu tun daga haihuwa. Abin da binciken ya tabbatar shi ne akwai igiya tsakanin agogon jiki da sinadaran da ke juya hali. Wannan kaɗai ya isa mai hankali ya daina wasa da darensa.

Game da mutane kuwa, ga abin da aka samu. A jihar Utah ta Amurka akwai wani dangi da barci ke kwashe su wajen ƙarfe 7 da rabi na yamma, su farka wajen 4 da rabi na asuba, kaka da jika. A 2001 Louis Ptacek da Ying-Hui Fu suka gano cewa ɗan canji ne a ƙwayarsu ta PER2, kuma da aka dasa wa ɓeraye irin wannan canji sai su ma suka koma masu sammako. A ɗaya ɓangaren, a 2017 ɗakin binciken Michael Young ya samu wani canji a ƙwayar CRY1, aka bi sawunsa a wasu iyalai a Turkiyya, wanda ke jinkirta wa masu shi barci da kimanin awa 2 ko fiye. Ka ga ke nan maganar tsohuwar nan ta "haka mahaifinsa yake" ba tatsuniya ba ce a ilmance. Tantance abin da ke damun ɗanta aikin likita ne, amma ni da na yi watsi da maganarta ban da hujja ko ɗaya.

Abin kunyar a gare ni shi ne, ban buƙaci ɓera ba kafin in san wannan. Na karanta a Sunan Abi Dawud labarin Safwan ɗan Mu'aɗɗal, Allah Ya yarda da shi, wanda matarsa ta kai ƙara cewa ba ya sallar Asuba sai rana ta fito, shi kuma ya ba da hanzarin cewa gidansu an san su da nauyin barci, aka umarce shi da ya yi sallah da zarar ya farka. Na san wasu malaman hadisi sun yi magana a kan ruwayar, wasu kuma sun inganta ta. Amma babu saɓani a kan wanda ke cikin Sahihu Muslim, na dawowa daga Khaibar, inda aka ɗora wa Bilal tsaron alfijir, barci ya rinjaye shi, rundunar duka har da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba su farka ba sai da rana ta taɓa su. Ba a kira kowa munafuki ba a ranar. Na san waɗannan duka, na ma karantar da su. Da na tsaya gaban yaro ɗan shekara 16 sai na zaɓi hadisin da ya dace da fushina.

Akwai kuma abin da ya shafi shekaru. Wani bincike da Till Roenneberg na birnin Munich ya wallafa a 2004, a kan dubban mutane, ya nuna cewa agogon ɗan Adam yana ta ja baya tun daga balaga, ya kai matuƙar jinkiri wajen shekara 20, sannan ya fara dawowa gaba har tsufa. Don haka dattijon da ke farkawa ƙarfe 4 ba tare da kowa ya tashe shi ba, ladansa na sahun farko yana nan cif in Allah Ya so, amma ya sani jikinsa yana taya shi. Saurayin da ya yi kokawa da bargo ya samu raka'a ta biyu, wataƙila yaƙin da ya yi ya fi na dattijon tsanani. Mu masu wa'azi mun cika auna mutane da sakamako, ba mu duban nauyin da kowa ya ɗauko.

Yanzu kuma bari in juyo kanku, ya ku samari da 'yan mata, don na hango wasunku sun fara murmushi suna cewa Malam ya samo mana fatawa. Ban samo ba. Masu irin gadon can 'yan kaɗan ne. Mafi yawanku agogonku lafiya lau Allah Ya ba ku shi, ku ne kuke murɗa shi da hannunku kowane dare.

A cikin ido akwai wasu ƙwayoyi na musamman, waɗanda aka tabbatar da aikinsu a 2002, da babban aikinsu shi ne auna haske su kai rahoto ga babban agogon. Sun fi jin haske mai shuɗi-shuɗi, irin na sararin sama da hantsi, wanda kuma fuskar waya da fararen ƙwayayen lantarkin zamani suke fitarwa. Idan haske ya shige su da dare, agogo yakan ɗauka rana ba ta gama faɗuwa ba, sai ya jinkirta sakin melatonin, sinadarin da ke shelanta wa jiki cewa dare ya yi. A 2012 Samer Hattar da ɗalibansa a Jami'ar Johns Hopkins suka sanya lafiyayyun ɓeraye, waɗanda ba a taɓa ƙwayar gadonsu ba, a ƙarƙashin haske na awa 3 da rabi, duhu na awa 3 da rabi, haka dai ba tsayawa. Jimillar barcinsu ba ta ragu ba. Duk da haka sai suka nuna alamun damuwa, sinadarin firgici ya hau a jininsu, koyonsu ya yi rauni. Ɓerayen da ba su da waɗancan ƙwayoyin ido kuwa abin bai taɓa su ba. Ɗalibin hadda ya sake karanta wannan: koyonsu ya yi rauni, alhali sun yi barci isasshe, don kawai haske ya zo musu a lokacin da ba nasa ba.

Mu da muka yi samartaka a shekarun 2000 mun tuna zamanin kiran dare kyauta, lokacin da ake raba dare ana hira a waya har kiran assalatu. Yau abin ya koma garaɓasar data ta tsakar dare. Kamfani ya duba lokacin da layinsa ba cunkoso ya karya farashi, mu kuma muka sayar masa da mafi tsadar sa'o'inmu a kan 'yan nairori.

Mu mutanen wannan yanki an taɓa yi mana gwajin da ba mu nema ba. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, Dutsin-Ma da Kurfi suna ciki, ba a dawo da su ba sai a Disamba. Wahala ce babba, 'yan kasuwa sun yi asara, mai mara lafiya ya rasa yadda zai kira ɗan'uwa, kuma ba na fatan a maimaita. Amma abin da idona ya gani a ajina shi ne, cikin 'yan makonni gyangyaɗin safe ya ragu, har waɗanda na yanke wa ƙauna suka fara riga ni zuwa. Da layi ya dawo, sannu a hankali muka koma gidan jiya. Wannan shaidar malami ɗaya ce a aji ɗaya, sai dai ta yi daidai da abin da Kenneth Wright na Jami'ar Colorado ya samu a 2013, da ya kai mutum 8 daji suka yi mako guda ba lantarki ba waya, sai rana da wutar itace: agogonsu ya matso gaba da kimanin awa 2, kuma 'yan daren cikinsu su suka fi matsowa.

A wancan lokacin ne kuma na lura da wasu yaran da su katse layi bai canza musu komai ba, waɗanda iyayensu suka baro ƙauyuka suka dawo cikin gari. Wani a cikinsu ya gaya mini cewa ko ƙofa iska ta buga da dare sai ya tashi zaune. Shi ma a da dorina ɗaya zan yi musu da mai kallon bidiyo.

Allah Ya yi mana wata ni'ima a wannan ƙasa da ba mu cika lura da ita ba. Muna kusa da tsakiyar duniya, don haka darenmu ba ya canzawa sosai tsakanin damina da hunturu. Isha'i wajen ƙarfe 8, Asuba wajen ƙarfe 5, kusan awa 9 ke nan a tsakani, alhali 'yan'uwanmu da ke Ingila a tsakiyar bazararsu 'yan sa'o'i kaɗan suke samu. Likitocin barci suna cewa matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10. Wanda ya kwanta ƙarfe 9 ya samu takwas ɗinsa kafin ladan ya yi gyaran murya, ya cike da ƙailula. Hadisin Abu Barza da ke cikin Bukhari da Muslim, mai nuna ƙin hira bayan Isha'i, mun mayar da shi babin ladubba da ake wucewa da sauri, ga shi kuwa lissafinsa ya fita daidai.

Kuma kada mu malamai mu tsame kanmu. Majalisin da ake farawa ƙarfe 9 a kai sha biyun dare, lasifika tana kaiwa unguwa uku, da jariri da mara lafiya da ɗan makaranta duk suna ciki, sannan da asuba mai wa'azin ya hau faɗan cewa sahu bai cika ba, wannan wane irin lissafi ne? Haka a watan azumi, inda samari da yawa ke mayar da dare rana tun daga asham har sahur, su wuni a kwance, bayan Sallah kuma a yi mako biyu ana neman yadda za a dawo daidai. Salmanul Farisi ya hana Abud Darda'i tsayuwar farkon dare, ya ce ya kwanta sai ƙarshensa, aka kuma gaskata Salman. Tahajjudin da sunna ta fi so shi ne wanda barci ya gabace shi.

Abin da na canza a ajina kaɗan ne. Yaron da ke gyangyaɗi yanzu tambayarsa nake fara yi, a keɓe: ƙarfe nawa ka kwanta, ƙarfe nawa barci ya zo, ina wayar take kwana, me kake ji da dare? Amsoshin sukan raba mini mai buƙatar faɗa da mai buƙatar lallashi da wanda zan ce wa iyayensa su kai shi asibiti. Na kuma fitar da darasin safe daga ɗaki zuwa tsakar gida, domin hasken safiya shi ne ke jawo agogo gaba kamar yadda na dare ke tura shi baya, kuma kyauta ne.

Shi kuwa yaron, sai da na yi wata biyu ina jan ƙafa kafin na taka har gidansu. Na ba shi haƙuri a gaban mahaifiyarsa, washegari kuma na maimaita a gaban ajin da na kunyata shi, domin a nan aka yi ɓarnar. Ya dawo, amma na mayar da haddarsa tsakanin Magariba da Isha'i, lokacin da kansa ya fi buɗewa, kuma a haka ya haura izu 40. Asubar har yau wata rana ya samu jam'i, wata rana ta kuɓuce masa. Ƙaninsa ne aka ɗora wa aikin Bilal, da kofin ruwa a hannu.